Zakara Sittin a Akurkin Dinatu

Malam Barau ya kai shekara talatin yana bin sawu a ƙasar Birnin Kudu. Ya bi sawun shanun da aka kora, ya bi na jakin sata, ya taɓa bin sawun wani tsoho mai ruɗewa har ya same shi a gindin tsamiya bayan kwana biyu. Amma ba a taɓa kiransa a kan kaji ba, sai wata Laraba da kaka, yana gona yana ɗaurin dawa, Mai Unguwa ya aiko masa ya zo maza.

Ya tarar da mata cike a gidan Dinatu, wadda kowa a Unguwar Ya ke kira Maman Joy. Ita da mijinta Malam Obadiya, malamin firamare, mutanen kudancin Kaduna ne, shekararsu goma sha ɗaya a garin. Ƙungiyar mata ce ta sayo 'yan tsaki sittin a Birnin Kudu, irin na zamanin nan masu saurin girma, aka ba Dinatu kiwo saboda ta taɓa zuwa bita a kan kaji. Shawarar da suka yanke ita ce idan sun kai sati tara a ware mazan a sayar, a bar matan su yi ƙwai. A safiyar nan malamin gona ya zo warewa. Ya kama na farko ya ce zakara. Ya kama na biyu ya ce zakara. Da ya kai na ashirin ya daina magana. Da ya sauke na sittin, sai ya cire hula ya share gumi, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Babu mace ko ɗaya, Malam!" in ji Hajiya Lailatu, shugabar ƙungiyar. "Ko kazar gida ce ta yi ƙyanƙyasa, ka taɓa ganin ta fito da maza zalla? Ina matan suka tafi?"

"Wadda ke riƙe da mukulli ita za a tambaya," wata ta faɗa daga baya.

Dinatu tana zaune a kan turmi, idanunta sun kumbura. Maƙwabciyarta Barira na tsaye a kanta, ta dafa mata kafaɗa.

"Ku ji tsoron Allah," in ji Barira. "Matar da ta raba dare tana kunna musu gawayi kada sanyi ya kashe su, ita za ku kira ɓarauniya?"

Malam Barau ya tsuguna gaban Dinatu. "Maman Joy, ke ba ki lura duk maza ba ne?"

"Baba, wallahi ban lura ba. Na ga zankon kansu ya yi ja gaba ɗaya, na ɗauka irinsu ne haka. Da akwai mace ko ɗaya da na ga bambanci. Kullum ina ƙirga su, sittin ne cif."

Mai Unguwa ya ja shi gefe. Ya ce maganar ta fara fin ƙarfin kaji. Tun ɗazu wasu ke cewa baƙo baƙo ne ko ya shekara ɗari, har an fara zancen a kai ƙarar Malam Obadiya a ɗauke shi daga makarantar. "Ka duba mana, Barau, kafin bakin mutane ya ɓata abin da ba zai gyaru ba."

Akurkin ɗaki ne na ƙasa a ƙarshen gida, da kwaɗo a ƙofarsa. Malam Barau bai tsaya kan ƙofar ba, ya zaga baya. Akwai taga da aka rufe da ragar waya, ya taɓa ta ya ji kusoshin gefe ɗaya sun yi sako-sako. A ƙarƙashin tagar, inda indararo ke zuba, laka ta bushe ta yi tauri kamar ƙasan tukunya, kuma ga sawu kwance a cikinta.

Ya daɗe a durƙushe. Takalmin ruwa ne na roba, irin mai tsawo zuwa ƙwauri, babba, na ƙaton namiji. Sawun ya taho daga wajen dangar zogale, ya koma ta nan. Kusa da shi ga zagayen gindin kwando.

Ya kira Mai Unguwa. "Yaushe aka yi ruwan ƙarshe?"

"Asabar ce, sati biyar ke nan."

"To ran Lahadi da safe aka shigo, laka ba ta gama shan iska ba. Lokacin mutanen gidan suna coci a Birnin Kudu." Ya nuna da sandarsa. "Dubi nan. Ɓarawo yakan shigo ba nauyi, ya fita da nauyi. Wannan zurfin shigowarsa da na fitarsa ɗaya ne. Da kaya ya zo, da kaya ya tafi. Musaya aka yi, an kwashe matan an zuba maza."

Mai Unguwa ya riƙe baki. "Inna lillahi! A sati huɗu? 'Yan tsakin sati huɗu ai duk kamanninsu ɗaya."

Akwai wani abu kuma da Malam Barau ya gani, amma ya bar shi a cikinsa. Tazarar da ke tsakanin taku da taku ta yi gajarta ga takalmi mai wannan girma, kuma gaban takalmin bai nutse ba sam, sai tsakiya da dunduniya.

Kafin azahar labarin takalmin ya zaga gari, kuma nan take aka samo mai shi. Jafaru ɗan acaɓa, wanda ke kawo wa Dinatu buhun abincin kaji, yana da irinsa. Samari suka taso shi gaba har ƙofar Mai Unguwa, yana rantse-rantse.

"Baba Barau, ni da kaza sai a tukunya! Wallahi ko babba ce sai na ji ta yi cara nake sanin zakara ne."

Malam Barau ya sa aka zuba ruwa a ƙasa, ya ce Jafaru ya sa takalminsa ya taka. Jafaru ya taka. Yatsunsa suka nutsa gaban takalmin cikin taɓo, takunsa kuma mai faɗi.

"Ku sake shi," in ji Malam Barau. "Irin takalmin nan akwai shi a gida goma a garin nan."

Washegari ya hau mota zuwa Birnin Kudu da zakaru huɗu a kwando, wajen Iliyasu wanda ya sayar wa matan 'yan tsakin. Rabin garin sun riga sun yanke cewa idan ba Dinatu ba ce, to Iliyasu ne ya cuce su tun farko.

Iliyasu bai yi fushi ba. Ya ɗauki zakara ɗaya ya juya ƙafarsa ta hagu. "Malam, ka ga farcen yatsan baya? Na datse shi. Duk tsakon da ya fita daga hannuna haka nake masa, don kada a kawo min na wani a ce nawa ne ya mutu. Wannan nawa ne. Wannan ma." Ya ɗauki sauran biyun. "Waɗannan kuwa ban san su ba."

"A gauraye ka sayar musu?"

"A gauraye, maza da mata, yadda suka zo min. Ni kaina a sati huɗu idan na ware goma sai na yi kuskuren uku."

Malam Barau ya koma gida ya duba ƙafafun sittin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da tara na da shaidar Iliyasu, talatin da ɗaya ba su da ita. Ya zauna a bakin akurkin yana lissafi. Wani ya tsaya a nan cikin sauri, yana tsoron a gan shi, ya zaɓi mata talatin da ɗaya daga cikin 'yan tsaki sittin masu kama ɗaya. Bai bar mace ko ɗaya ba, bai kuma ɗauki namiji ko ɗaya bisa kuskure ba. Wannan ba aikin ɓarawon kaji ba ne. Ya buga wa Iliyasu waya ya tambaye shi wa ke da irin wannan ido.

"Mutum ɗaya na taɓa ji," in ji Iliyasu. "Wata tsohuwa a Fagam, can ƙasar Gwaram. Dada ake ce mata. Amma an ce idonta ya tafi."

Ran Asabar ya kama hanyar Gwaram, daga nan ya hau babur zuwa Fagam. Ya sami Dada a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, kaji na kewaya ta. Ya gaishe ta, ya ce shi mai sha'awar kiwo ne, ya ji labarinta.

Tsohuwar ta yi dariya, ta miƙa hannu ta cafko wani ɗan tsako ba tare da ta duba ba. Ta kwantar da shi a tafin hagu, ta zura ƙaramin yatsanta tsakanin ƙafafunsa, ta buɗe fiffiken da babban yatsa, sannan ta hura masa iska a wuya sau biyu.

"Namiji ne," ta ce. "Ji ƙwaurinsa, ya fi kauri. Mace takan riga shi yin gashi, fiffikenta ya cika, jelarta ta fito, shi kuwa bayansa na nan tsirara-tsirara. Zankonsa ya fara tudu, nata a kwance. Idan ka ɗaga shi yana harbin iska, ita takan naɗe ƙafa. Ba abu ɗaya ake dubawa ba, Malam, duka ake haɗawa. Hannu ne ke sani."

"Inna, kin koya wa wani?"

"Mutum biyu. 'Yata, Allah ya ji ƙanta, da 'yarta da na riƙa tun tana rarrafe. Ita wannan ta fi ni. Tana da shekara tara take ware min kwando guda ba kuskure. Ubanta ya ɗauke ta ya mayar Basirka, daga can aka yi mata aure." Ta ɗaga kai. "Ka ce daga ina kake?"

"Unguwar Ya."

"Kai! Ai can take! Barira, matar Safiyanu. Ka san ta?"

Malam Barau ya tuna hannun da ya gani dafe da kafaɗar Dinatu. Da ƙyar ya ce ya san ta.

Dada ta yi ta murna. Ta lallaba cikin ɗaki ta fito da ƙullin daddawa. "Ka kai mata. Ka ce ina gaishe ta, ta daina yi min rowar ƙafa."

Duk tsawon hanyar komawa ƙullin na aljihunsa, yana jin nauyinsa. Bai so ya yarda ba. Iya abu ba laifi ba ne, ya gaya wa kansa. Ya biya ta wajen Iliyasu ya aro 'yan tsaki ashirin 'yan sati huɗu. Da ya iso gari ya tsaya a majalisar su Safiyanu kamar mai neman aron takalmin ruwa. Safiyanu ya ce yana da shi, yana nan rataye a zaure tun ƙarshen damina. Ya kuma ambata, cikin hira, cewa ƙanin matarsa mai fataucin kaji a Basirka ya kawo musu ziyara wata Lahadi kwanakin baya, shi yana kasuwa bai ma same shi ba.

Ran Litinin bayan la'asar Mai Unguwa ya tara kowa a tsakar gidansa. Matan ƙungiya suka zauna a tabarmi, Dinatu a gefe ita da Barira, don ba wadda ta yarda ta zauna kusa da ita sai ita. Jafaru da Iliyasu da Malam Obadiya da Safiyanu suna bakin zaure.

Malam Barau ya ajiye kwandon 'yan tsakin a tsakiya. Ya ce kafin a shiga magana yana so kowa ya ga wahalar abin da ake zargi, kowa ya ɗauki ɗaya ya faɗi mace ce ko namiji. Hajiya Lailatu ta ɗauka ta jujjuya ta ce mace, Iliyasu ya duba ya ce shi yana ganin namiji ne. Jafaru ya kama nasa ta fiffike har ya yi ƙara. Dinatu ta riƙe nata a tafi biyu, ta girgiza kai ta mayar.

"Ni ban san kan kaji ba, Baba," in ji Barira da aka zo kanta.

"Ba komai. To ɗan miƙo min wancan da ke shirin tsallakewa."

Ɗan tsakon ya riga ya hau bakin kwando. Barira ta cafke shi. Kafin ta miƙa, hannunta ya riga tunaninta. Ta kwantar da shi a tafin hagu, ƙaramin yatsa ya shige tsakanin ƙafafun, babban yatsa ya buɗe fiffiken. Har ta tsuke baki za ta hura, sai ta ga Malam Barau na kallonta. Ta tsaya cak.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin daddawa ya ajiye a gabanta.

"Dada ta Fagam tana gaishe ki," ya ce a hankali. "Ta ce kin fi ta."

Ɗan tsakon ya zame daga hannunta ya faɗi a tabarma. Ba wanda ya fahimci abin da ke faruwa sai da Malam Barau ya juya ya yi bayani: shaidar farce, mata talatin da ɗaya ba kuskure, ƙaramar ƙafa a cikin takalmin ƙato, baƙon da ya zo daga Basirka ran Lahadi. Yana magana gidan na yin tsit, har ana jin kukan 'yan tsakin.

"Ƙarya ne!" Dinatu ce ta miƙe. "Baba, ka yi kuskure. Ba Barira ba. Ita ta karɓi haihuwar Joy. Barira, gaya musu!"

Barira ba ta ɗago ba. "Suna Basirka," ta ce. "Wajen ƙanina. Duk suna nan da rai, ban sayar da ko ɗaya ba."

Salati ya ɓarke. Hajiya Lailatu ta dafe ƙirji ta koma ta zauna daɓas. Safiyanu ya cire hularsa yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Me ya kai ki?" Mai Unguwa ya tambaya.

Barira ta ɗago, hawaye na zuba, ta dubi Hajiya Lailatu. "Ranar da za a ba da kiwon, na ɗaga hannu. Hajiya ta ce wannan ba kajin ƙauye ba ne, sai wadda ta yi boko. Kuka yi dariya, duk ku. Ba wadda ta tambaye ni me na sani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ce bari in nuna musu. Na sa ƙanina ya kawo min maza, na ce masa musaya muka shirya da ƙungiya. Na ɗauka kwana biyu za a gane, in fito da su in ce to ga bokon naku. Sati ya wuce ba a gane ba. Sati biyu. Kullum ina shiga gidan Maman Joy ina kallonsu, ina cewa yau zan faɗa. Da ya yi nisa sai tsoro ya kama ni. Na zaci Iliyasu za a ɗora wa, shi yana can nesa. Wallahi ban zaci za a taɓa Maman Joy ba."

"Amma da aka taɓa ni kina tsaye," in ji Dinatu. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Kwana shida. A kafaɗarki na yi kuka, Barira. Ke kika kawo min kunu kika ce in daure, gaskiya za ta fito."

Barira ta rufe fuska da mayafinta.

Kwana biyu bayan haka aka dawo da kajin daga Basirka, mata talatin da ɗaya, kowace da datsattsen farce a ƙafar hagu, sun yi ɓul-ɓul. Mai Unguwa ya tambayi Dinatu ko tana so a kai maganar gaba, ta ce a'a. Safiyanu ya zo da kansa ya durƙusa gaban Malam Obadiya. Barira kuwa ta roƙi mijinta ya bar ta ta je Fagam ta kwana biyu, ta tafi ba ta yi wa kowa sallama ba.

Hajiya Lailatu ta jagoranci mata suka je ba da haƙuri. Dinatu ta shimfiɗa musu tabarma, ta saurare su har suka gama, ta ce ta yafe. Sannan ta kwance mukullin akurkin daga bakin zanenta ta ajiye a gaban Hajiya.

"Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci tare," ta ce. "Ba ku ba ni ko wuni ɗaya ba kafin ku kira ni ɓarauniya. Ku nemi wata ta riƙe."

Malam Barau ya biya ta gidan Dinatu ran Juma'a don ya mayar da kwandon da ya ara ya kai zakaru Birnin Kudu. Ya same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa. Ta kawo masa ruwa, ta yi masa godiya yadda ya kamata, ta ce Allah ya saka. Ya sha, ya miƙe zai tafi.

"Baba," ta kira shi. "Wani lokaci sai in ji da ma ba ka je Fagam ba."

Ya juyo. "Da ban je ba, Maman Joy, da yanzu kuna ɗaure kaya. Da sunan ɓarauniya za ki bar garin nan."

"Na sani," ta ce, idonta a kan faifan shinkafar. "Amma da na tafi ina ganin na bar ƙawa ɗaya a baya."

Malam Barau ya ɗauki sandarsa ya fita.